Me ake nufi da maltimidiya a ajin yara?

Kalmar ta yawaita a bakin malaman makaranta a Yamai, har wasu iyaye sun ɗauka sunan wata na'ura ce mai tsada. Abin da take nufi shi ne a haɗa hanyoyin isar da saƙo biyu ko fiye, wato rubutu, murya, hoto, bidiyo ko zane mai motsi, duk a kan darasi guda. Ordinata da wayar hannu da talabijin ɗaukar kayan kawai suke yi.

Ga darasin tsirowar iri. Malam ya zana ƙwayar gero a allo ya yi bayani, yara sun haddace. In kuwa ya samu ɗan bidiyon da aka gaggauta, cikin minti ɗaya za su ga ƙwayar ta kumbura, ta tsage, saiwa ta nutsa ƙasa, ganye ya leƙo sama, murya tana faɗin sunan kowane sashe a daidai lokacin da ya bayyana. Abin da ke ɓoye cikin ƙasa kwana da kwanaki ya zo gaban ido. Sai malam ya tsayar da hoton ya ce: "To yara, me ya fara fitowa?" A ganina wannan tsayarwar da tambayar su ne rabin aikin.

Richard Mayer, masanin halayyar koyo a Amurka, ya nuna a bincikensa cewa an fi fahimta idan magana ta zo tare da hoto, fiye da magana ita kaɗai. Ya kuma nuna cewa kiɗa da kwalliyar da ba su shafi darasin ba raba hankalin mai koyo suke yi. Don haka ba kowane katun mai launi da tsalle-tsalle ne darasi ba, ko da an rubuta masa "na ilimi".

Mu a Nijar ba baƙin wannan hanya ba ne. Tun 1964 aka fara koyar da yaran firamare ta talabijin a Yamai, shekaru kafin a buɗe gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel. Ko a lokacin akwai babba a cikin aji, wanda ke jan yara su maimaita, su amsa, su yi aiki bayan shirin.

Abin da ya fi damuna yau shi ne harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci, aka kunna masa bidiyo da Faransanci zalla, hoto yake kallo, maganar ta wuce shi. Malamin da ya rage muryar bidiyon ya yi bayanin da bakinsa, cikin harshen da yaran ke ji, ya fi wanda ya kunna ya koma gefe. Wannan ko a ajin zana ana iya yin sa da waya ɗaya mai caji.

Iyaye kuma su kula da ƙanana: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana.