Ma'anar "segmanteshin": aikin shata iyaka a cikin hoton fari da baƙi

Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2021 a riƙa amfani da manhajar kwamfuta wajen duba hoton ƙirji don tantance masu tarin fuka 'yan shekara 15 zuwa sama, kalmar segmanteshin ta shiga bakin masu shirye-shiryen lafiya da na fasaha. Yawanci bayanin da ake yi mata shi ne wai hanya ce da kwamfuta ke gano cuta. Wannan bayani yana damuna, domin ya haɗa ayyuka biyu da ba ɗaya ba ne, kuma mai sauraro zai tashi da zaton na'ura ta gama aikin likita.

Segmanteshin aikin shata iyaka ne. A ba kwamfuta hoto, ta bi kowane ɗigo da ke cikinsa ta ce wannan na huhu ne, wannan na ƙashi, wannan fili ne kawai. Iyakar aikinta ke nan. Cewa yankin da aka shata yana da cuta ko babu, wani mataki ne dabam da ke biyo baya.

Hoton da muke kira fari da baƙi ba kala biyu ba ne. A hoto na yau da kullum kowane ɗigo lamba ce daga 0, baƙi ƙirin, zuwa 255, fari fat, matakai 256 ke nan, mafi yawansu toka-toka. Kwamfuta ba ta da komai a hannu sai waɗannan lambobi. Hanya mafi sauƙi ita ce a zaɓi lamba ɗaya a yanka a kanta: abin da ya haura ta yanki ɗaya, abin da ya gaza ta wani yankin. A 1979 Nobuyuki Otsu na ƙasar Japan ya fito da dabarar da kwamfuta za ta zaɓi lambar da kanta, ta gwada kowace har ta sami wadda ta fi raba ɗigogin gida biyu masu nisa da juna. Har gobe ana amfani da ita. Sai dai da zarar haske ya fi yawa a gefe ɗaya na hoton, ta rikice.

Wadda ta fi burge ni ita ce dabarar magudanar ruwa, wadda Serge Beucher da Christian Lantuéjoul suka gabatar a Faransa, ita ma a 1979. A nan ana ɗaukar hoton a matsayin ƙasa mai tudu da kwari. Inda haske ya canja farat ɗaya tudu ne, inda ya tsaya bai ɗaya kwari ne. Sai a sa ruwa ya fara tasowa daga gindin kowane kwari. Yana hawa a hankali, kududdufai suna faɗaɗa, har a zo inda ruwan kwari biyu zai haɗu. A daidai wurin sai a gina ganuwa. In ruwa ya rufe ƙasar duka, ganuwoyin da suka rage su ne iyakokin. Da wannan ake raba ƙwayoyin jini biyu da suka manne da juna a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji, abin da yanka a kan lamba ɗaya ba zai iya ba, tunda haskensu iri ɗaya ne.

Amma a duba matsalarta da kyau, don a nan ne ake gane gaskiyar lamarin. Hoto ba ya rasa dishi-dishi, kuma kowane ɗan tabo sai ya zama kwari mai zaman kansa. Sakamakon haka huhu ɗaya ya fito a tsage gutsi-gutsi, yankuna barkatai marasa ma'ana. Maganin da aka samo shi ne a sa alama tun farko, a ce daga nan da nan kaɗai ruwa zai taso. To wa ke sa alamar? Mutum ne, ko wata ƙa'ida da mutum ya rubuta. A ganina wannan ne ya kamata masu bayani su riƙa faɗa: iyakar da ke fitowa a allo hukunci ne da wani ya tsara yadda za a yanke shi.

Sababbin hanyoyi ba su kawar da wannan ba. U-Net, wata manhaja mai shata iyaka wadda masu bincike a Jami'ar Freiburg ta Jamus suka fitar a 2015, tana koyo ne daga hotunan da ƙwararru suka zana wa iyaka da hannunsu. Likitoci biyu kuwa sukan zagaye ƙari ɗaya layukansu su bambanta. In hannun da ya koyar ya karkace, na'urar ma haka za ta gada.

Hoton ƙirji na eksire ma ya fi wuya, domin haƙarƙari da zuciya da huhu duk sun hau kan juna a shafi ɗaya. A hoton siti-sikan, wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki, da sauƙi, tunda lambobin suna da ma'auni tsayayye, na Hounsfield: ruwa 0, iska -1000, ƙashi can sama sosai. Shi ya sa ware huhu a can bai da wahala kamar a eksire.

Saboda haka in manhaja ta sa wa wani sashe na hoton ƙirji kala ta ba da maki mai yawa, abin da ta ce shi ne a binciki wannan mutumin. Hukumar Lafiya ta Duniya ma don tantancewa ta amince da ita. Tabbatar da tarin fuka sai an karɓi majina an kai ɗakin gwaji, an sa ta a na'urar gano ƙwayar cutar irin GeneXpert.