Waiwaye: Yadda babban banki ya zama madogara ranar da kowa ke neman kuɗinsa

Banki ba ya kulle kuɗin masu ajiya a sito. Rance yake bayarwa da su na shekaru, alhali mai ajiya na iya zuwa gobe da safe ya ce a ba shi nasa. Muddin ba a taho a lokaci guda ba, lafiya lau. Ranar da jita-jita ta bazu kowa ya garzayo, ko bankin da ba shi da wata cuta sai ya durƙushe.

Landan ta ga haka a 1866, da kamfanin kuɗi na Overend Gurney ya karye. Bankin Ingila, wato babban bankin ƙasar, ya ƙi ceto shi, amma ya buɗe wa sauran bankuna bakin aljihu har ƙura ta lafa. Daga nan ɗan jarida Walter Bagehot ya tsara ƙa'ida a 1873: in hankali ya tashi, babban banki ya ba da rance ba ƙaƙƙautawa, bisa jingina mai kyau, da kuɗin ruwa mai tsada don kada a mai da abin saniyar tatsa.

Amurka ba ta da babban banki a rikicin 1907. Attajiri J.P. Morgan ne ya tara shugabannin bankuna a ɗakin karatunsa, ya matsa musu suka haɗa kuɗi. Aka ga ba dabara ba ce ƙasa ta dogara da mutum ɗaya, sai aka kafa babban bankin ƙasar, Federal Reserve, a 1913. Sai dai da babbar jarrabawa ta zo ya faɗi warwas. Tsakanin 1930 da 1933 bankuna kusan 9,000 suka rufe, kuɗin da ke yawo ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. A Oktoban 1931 ma ƙara kuɗin ruwa ya yi, daga kashi 1.5 zuwa 3.5, don tsare zinarensa. Gida na ci da wuta, mai rijiya na lissafin guga.

Ben Bernanke, wanda ya yi shekaru yana nazarin wannan kuskure, shi ne ke shugabantar Federal Reserve lokacin da bankin Lehman Brothers ya faɗi a Satumban 2008. Kafin shekarar ta ƙare kuɗin ruwa ya sauka dab da sifili. Da ba sauran inda za a rage, sai aka bi hanyar da Japan ta gwada tun 2001: babban banki ya ƙirƙiri sabon kuɗi ya riƙa sayen takardun lamunin gwamnati da na bashin gidaje, domin rancen dogon zango ya yi araha. Kadarorin Federal Reserve suka tashi daga wajen dala biliyan 900 zuwa kusan tiriliyan 4.5 a 2014.

A ganina, sharaɗin farko na Bagehot kawai aka riƙe gam. Tsadar kuɗin ruwa an yi watsi da ita, jinginar ma an yi ta sassautawa. A 2007 an ga layin masu ajiya a ƙofar rassan bankin Northern Rock a Birtaniya. A Maris 2023 kuwa ta waya da kwamfuta aka nemi cire dala biliyan 42 daga Silicon Valley Bank na Amurka cikin yini ɗaya. Kwana uku bayan haka Federal Reserve ya fara karɓar takardun lamuni jingina a kan farashin da ke rubuce a jikinsu, duk da a kasuwa sun riga sun faɗi.