Dodon Koɗi da Katantanwarsa

Dodon koɗi halitta ce mai taushin jiki wadda take ɗauke da ɓawonta a bayanta, kuma wannan ɓawo shi ake kira katantanwa ko koɗi. Akwai na tudu, akwai na rafi da kududdufi, akwai kuma na teku. Na tudu yana fitowa ne da damina, idan kuwa rani ya kama sai ya shige cikin ɓawonsa ya toshe bakin da wata farar yana, ya kwanta har ruwa ya sauka.

Babu inda wannan halitta ta shiga rayuwar Bahaushe kamar sha'anin ciniki, domin wuri, wanda da shi ake saye da sayarwa a zamanin dā, ɓawon wani ƙaramin dodon koɗin teku ne, kuma jam'insa shi ne kalmar kuɗi da muke faɗa kullum. Yawancinsa daga tsibiran Maldib na tekun Indiya ake kwaso shi, ya bi hannun fatake har ya iso kasuwanninmu. Lokacin da matafiyi Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ana canzar da dalar azurfa ɗaya a kan wuri kusan 2,500, saboda haka ƙirga kuɗin babban ciniki aiki ne na zama a tabarma. Sulallan Turawa sun ture shi a farkon ƙarni na 20, amma har yau ana ganinsa a gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya da ke Abuja, da jikin kayan masu rawar gargajiya a Filato. Yara kuma sun daɗe suna murza katantanwar tudu tana juyawa a ƙasa.

Wajen ci, Hausawa da yawa suna ƙyamar dodon koɗi, ko da yake an ruwaito daga Imamu Malik cewa hukuncinsa irin na fāra ne, shi ya sa ake sayar da romonsa a titunan Maroko. A kasuwannin Abuja ana kasa manya-manyansa cikin kwando, ana wanke yauƙin da lemon tsami ko alif kafin a dafa da barkono. Ɓawon kuwa kusan dukkansa sinadarin alli ne, don haka ana niƙa shi a cikin abincin kaji domin ƙwai ya yi ƙwari, abin da ya kamata masu kiwon kaji a Jos su ƙara kula da shi.

Mutanen birnin Sur na Labanan sun yi suna tun zamanin dā wajen fitar da rini mai launin shunayya daga wani nau'in na teku. A 2004 Amurka ta amince da maganin matsanancin ciwo mai suna Prialt, wanda aka samo asalinsa daga dafin wani dodon koɗin teku. Masana lafiya kuma suna bibiyar ƙananan na kududdufi, domin a jikinsu ne tsutsar tsargiya take girma kafin ta huda fatar yaron da ya shiga wanka.