Kamfanin COMINAK

COMINAK kamfani ne da ya haƙi ma'adinin yuraniyom a arewacin Nijar daga 1978 zuwa 2021. Cibiyarsa tana Yamai, ramin kuwa yana Akuta, kusa da Arlit a jihar Agadas. Ana ƙidaya shi cikin manyan ramukan yuraniyom na ƙarƙashin ƙasa a duniya, kuma ya fitar da kimanin tan 75,000 kafin a rufe shi.

Tarihi

A 1957, tun zamanin mulkin mallaka, masu binciken ƙasa na Faransa suka ci karo da yuraniyom a Azelik. Kamfanin SOMAÏR ne ya riga fara aiki: an kafa shi a 1968, ya soma fitar da ma'adini a 1971 daga buɗaɗɗen rami. COMINAK ya biyo baya a 1974, shekarar da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani. Da yake ma'adinin Akuta yana da zurfin mita 250 ko kusa da haka, sai aka bi shi ta ƙarƙashin ƙasa, aka yi ta sarar hanyoyi a cikin dutse har jimillar tsawonsu ta haura kilomita 200.

Hannun jarin ya daɗe a rabe gida huɗu: ɓangaren Faransa kashi 34 cikin ɗari, Nijar 31, kamfanin OURD na Japan 25, ENUSA na Sifaniya 10. Ɓangaren Faransa ya yi ta sauya suna, daga COGEMA zuwa Areva, sannan Orano a 2018. Kason Nijar ya kasance a hannun hukumar ma'adinai ta gwamnati, ONAREM, daga bisani ya koma ga kamfanin gwamnati SOPAMIN da aka kafa a 2007.

Ƙarshen shekarun 1970 shi ne lokacin da kakar yuraniyom ta yanke saƙa. Kuɗi suka shigo, manyan gine-ginen gwamnati suka tashi a Yamai, har ana yi wa Arlit laƙabi da ƙaramar Faris. A wajen wannan lokaci aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, sama da kilomita 600 ta Abalak da Agadas, wadda ake kira hanyar yuraniyom. Ta nan manyan kamiyoyi suka riƙa saukowa da garin yuraniyom mai ruwan ɗorawa a rufe cikin gangunan ƙarfe, su ratsa Tawa da Kwanni da Doso da Gaya, su shiga Benin har tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Ta nan kuma 'yan cirani daga Adar da sauran ƙasar Hausa suka riƙa haurawa arewa neman aiki, abin da ya sa Hausa ta zama harshen kasuwa a Arlit. Daɗin bai daɗe ba, don tun farkon shekarun 1980 farashi ya faɗi.

Ma'aikata da horo

Da farko Turawa ne ke riƙe da manyan muƙamai, 'yan ƙasa suna aikin ƙarfi. Sannu a hankali lamarin ya juya, har ya zama kusan dukkan ma'aikata, haɗe da shugabanni, 'yan Nijar ne. Makarantu biyu suka fi ciyar da wannan fanni: EMAIR ta Agadas, mai horar da ƙwararrun ma'aikata, da EMIG ta Yamai, mai yaye injiniyoyi. Sauran ilimin a cikin rami ake samunsa, kamar tokare rufin dutse, da fasa nakiya, da kula da injinan da ke tura iska don korar radon, iskar nan marar wari da ke taruwa a ramukan yuraniyom tana lahanta huhu. Kowane mai sauka rami ya kasance yana ɗauke da ɗan ma'aunin da ke ƙidaya yawan tururin gubar yuraniyom da jikinsa ya sha.

Zama da jama'a

Kamfanin ya gina wa ma'aikatansa garin Akokan, da gidaje, da ruwan famfo, da asibiti, da wutar da ke zuwa daga tashar gawayi ta SONICHAR. A gefen wannan gari kuwa unguwannin bukkoki suka tsiro, inda leburorin 'yan kwangila da masu jiran aiki da makiyayan da fari ya raba da dabbobinsu suka zauna. Wannan bambanci tsakanin ɗan kamfani da ɗan kwangila shi ne tushen yawancin koke-koken da suka biyo baya.

Gyaran dokar ma'adinai na 2006 ya ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu domin ƙananan hukumomin yankin da ake haƙar, sai dai magadan gari sun sha kukan cewa kuɗin ba ya isowa kan lokaci. A ƙarshen 2013 da farkon 2014, ana cikin sabunta yarjejeniya da Areva, ƙungiyoyin farar hula irin su ROTAB ta Ali Idrissa suka yi ta gangami a Yamai suna neman kamfanonin su biya haraji bisa sabuwar doka. Yarjejeniyar da aka sa wa hannu a watan Mayun 2014 ta amince da haka, ta kuma ƙunshi alkawarin kuɗin gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da aikin noma a kwarin Irhazer, da ginin ofisoshi a Yamai. Duk da haka direbobi sun ci gaba da barin kwaltar a wurare da yawa suna bin gefenta, saboda ramuka.

Muhalli

Ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, wanda ya samu kyautar Nuclear-Free Future Award a 2017, ita ce ta fara ɗaga murya, tare da cibiyar awo ta CRIIRAD daga Faransa. Sun nuna cewa tsofaffin ƙarafan wurin haƙar suna fita kasuwa, maƙera suna mayar da su tukwane da ƙofofi da rufin ɗaki, ba tare da mai saye ya san suna ɗauke da guba ba. A watan Nuwamban 2009 ƙungiyar kare muhalli ta Greenpeace ta yi awo a titunan Akokan, inda aka yi ciko da tarkacen dutsen rami, ta ce a wani wuri tururin ya ninka na al'ada kusan sau 500. Kamfanin ya kwashe wuraren, yana mai cewa abin da jama'a ke sha bai wuce ƙa'ida ba. Akwai kuma batun ruwa, domin wanda ake zuƙa daga ƙarƙashin hamada tsohon ruwa ne da damina ba ta mayar da shi.

Ana taƙaddama kan cututtuka. A 2012 wata kotun Faransa ta ɗora wa Areva alhakin mutuwar wani Bafaranshe tsohon ma'aikacin COMINAK, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 2013.

Rufewa

A watan Oktoban 2019 majalisar gudanarwa ta yanke shawarar rufewa, bisa dalilin ƙarewar ma'adini da tsadar aiki. An tsayar da haƙa ran 31 ga Maris 2021. Ma'aikata kimanin 600 sun karɓi kuɗin sallama, ma'aikatan 'yan kwangila kuwa, da yawansu bai gaza haka ba, sun koka cewa abin da ya zo hannunsu bai taka kara ya karya ba. An bar tsibin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20 a fili, wanda aka tsara binnewa da yumɓu da dutse mai kaurin mita 2, a aikin da aka ƙiyasta zai ci miliyar 95 na sefa cikin shekara goma.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 dangantakar Yamai da Orano ta yi tsami. Gwamnati ta janye wa Orano lasisin haƙar yuraniyom a Imuraren a watan Yunin 2024, ta kuma mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025.