Gwajin hasashe da karkatar tunanin ɗan Adam

Gwajin hasashe shi ne duk wani yunƙuri da mutum zai yi don gano ko abin da yake zato gaskiya ne. Likita na yin sa idan yana neman sanadin ciwo, mai binciken laifi na yin sa, haka makaniken da ya ji baƙon ƙara a inji. Masana halayyar ɗan Adam sun shafe sama da shekara sittin suna nazarin yadda mutane ke wannan aiki, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne, mutum yakan bi sawun abin da zai dace da zatonsa, ba kasafai yake neman abin da zai rusa shi ba. Inda aka saɓa shi ne ko wannan hali aibi ne ko dabara.

Tushen batun

Tun kafin a fara gwaje-gwaje an lura da matsalar. Ibnul Haisam, masanin ilimin gani da ya rasu a Alƙahira wajen shekarar 1040, ya ce mai neman gaskiya sai ya tuhumci abin da yake karantawa, ya kuma tuhumci kansa. A 1620 Francis Bacon na Ingila ya kawo wani tsohon labari: an nuna wa wani mutum hotunan waɗanda suka yi bakance suka tsira daga hatsarin jirgin ruwa, sai ya tambaya ina hotunan waɗanda suka yi bakancen kuma suka nutse. A 1934 masanin falsafa Karl Popper ya kafa ra'ayinsa a kan cewa misalai dubu ba sa tabbatar da ƙa'ida, amma misali guda na iya ƙaryata ta. Turawa sun daɗe suna ɗaukar wani tsuntsun ruwa mai dogon wuya a matsayin fari a ko'ina, har matuƙan jirgin Holan suka ga baƙinsa a yammacin Ostireliya a 1697.

Wasan 2, 4, 6

Peter Wason, na jami'ar University College da ke Landan, shi ya mayar da batun abin aunawa a 1960. Yakan ba mutum lambobi uku, 2, 4, 6, ya ce sun bi wata ƙa'ida da ke ransa. Mutum zai riƙa kawo nasa lambobin uku-uku, ana gaya masa ko sun dace, har ya gamsu ya faɗi ƙa'idar.

Ga yadda abin yake tafiya. Mutum ya zaci ƙa'idar ita ce a ƙara biyu-biyu, sai ya ce 8, 10, 12. A ce masa sun dace. Ya ce 20, 22, 24, sun dace. Ya ce 101, 103, 105, nan ma sun dace. Daga nan sai ya bugi ƙirji ya faɗi amsarsa, a ce ya yi kuskure. Ƙa'idar kuwa ba ta da wani zurfi: kowaɗanne lambobi uku da ke hawa daga ƙarami zuwa babba. Da ya jarraba 1, 2, 50 ya ji an ce sun dace, da nan take zatonsa ya rushe. Cikin mutum 29 da Wason ya gwada, 6 kaɗai suka dace a amsar farko.

An daɗe ana karanta wannan a matsayin shaidar cewa mutane na son a gaskata su ne kawai. A 1987 Joshua Klayman da Young-Won Ha suka nuna maganar ba ta tsaya nan ba. Gwada misalin da kake zaton zai dace, in ji su, dabara ce mai amfani a mafi yawan lokuta. Idan hasashenka ya fi gaskiyar faɗi, wannan hanyar ce ma za ta tona kuskurenka, don wata rana za ka kawo misalinka a ce a'a. Tarkon Wason shi ne gaskiyar ta fi hasashen faɗi, ta haɗiye shi gaba ɗaya, saboda haka duk abin da ka kawo daga cikin zatonka amsarsa i ce. Wani sauyi da Ryan Tweney da abokan aikinsa suka yi a 1980 ya ƙara haske. Maimakon “sun dace” da “ba su dace ba”, sai aka ce ƙa'idoji biyu ne, aka ƙirƙira musu sunaye DAX da MED, a gano su duka. Masu gano amsar suka ƙaru sosai. Ke nan babbar matsalar ita ce rashin hasashe na biyu a zuciya.

Kati huɗu

A 1966 Wason ya fito da wani gwajin. Kati huɗu ne a tebur, kowanne da harafi a fuska ɗaya, lamba a ɗaya fuskar. Ana ganin E, K, 4, 7. Ƙa'idar: duk katin da ke da wasali, bayansa lamba ce mai rabuwa biyu ba saura. Waɗanne za a juya don a gwada ta? Yawancin mutane kan zaɓi E da 4. Amsar ita ce E da 7, don ko mene ne a bayan 4 ba ya karya ƙa'idar, amma wasali a bayan 7 zai karya ta. Masu dacewa ba sa wuce kusan ɗaya cikin goma.

Abin mamaki, da Richard Griggs da James Cox suka sauya wa tambayar riga a 1982, suka ce doka ce kan shekarun da aka yarda mutum ya sha giya, kusan uku cikin huɗu suka dace. Kowa ya san mai shan da mai ƙarancin shekaru za a bincika. Leda Cosmides da John Tooby sun ce ƙwaƙwalwa ta ƙware ne wajen kama mai saɓa yarjejeniya. Mike Oaksford da Nick Chater kuma, a 1994, sun ce zaɓin E da 4 ba wauta ba ce a duniyar da abubuwan da ake nema ba su da yawa. Muhawarar ba ta ƙare ba.

Auna hujjar da ta zo hannu

Neman hujja daban, auna ta daban, kuma a nan ne kare ɗan Adam ya fi wuya. A 1979 Charles Lord da Lee Ross da Mark Lepper, a jami'ar Stanford ta Amurka, sun ba ɗalibai masu goyon bayan hukuncin kisa da masu adawa da shi rahotanni biyu na ƙirƙira, ɗaya na cewa hukuncin na rage kisan kai, ɗaya na cewa ba ya ragewa. Kowane ɓangare ya yaba wanda ya dace da ra'ayinsa, ya yi wa ɗayan binciken ƙwaƙƙwafi, sannan suka ce sun ƙara kafewa a inda suke.

Akwai kuma mantawa da sauran lissafin. Jan Smedslund ya nuna a 1963 cewa masu aikin jinya da aka ba katunan marasa lafiya sun fi kallon inda alama da cuta suka haɗu, suka ga alaƙa inda babu, don ba su lissafa masu cutar da ba su da alamar ba.

Hanyoyin kariya

Gaya wa mutum ya yi adalci bai cika yin tasiri ba. A 1984 Lord da Lepper da Elizabeth Preston sun gano abin da ya fi aiki shi ne a sa shi ya tambayi kansa yadda zai auna binciken da sakamakonsa ya fito akasin haka. Tun 1890 masanin duwatsu Thomas Chamberlin ya ba da shawarar riƙe hasashe da yawa a lokaci guda, kada mai bincike ya so guda ɗaya son ɗa. Kimiyya kuma ta gina wa kanta shinge da bai dogara da kyakkyawar niyyar kowa ba: gwajin magani inda likita da majinyaci ba su san wanda ya sha na gaske ba, da rubuta hasashe da tsarin nazari a bainar jama'a kafin a fara tattara bayanai.