Gudanar jini da aikin ƙwaƙwalwa a cutar hawan matsin cikin kai marar sanannen dalili

Wannan cuta ce da matsin ruwan ƙwaƙwalwa da laka ke hawa alhali hoton kai bai nuna ƙari ko daskarewar jini a jijiya ba. Wani likita Bajamushe, Heinrich Quincke, ne ya bayyana ta a 1893, kuma ta fi kama mata masu ƙiba da ke shekarun haihuwa. Ana tabbatar da ita idan an soka allura a ƙasan gadon baya, matsin ya tura ruwan sama da santimita 25 a bututun awo idan babba ne, ruwan kuma ya fito lafiya ƙalau.

Ƙoƙon kai ba ya buɗawa. Ƙwaƙwalwa da jini da ruwa ne ke raba wurin, don haka idan ɗaya ya ƙaru sai wani ya ragu, in ba haka ba matsi ya tashi. Ƙwaƙwalwa na karɓar jini kusan mililita 750 a minti, tana cinye kashi 20 cikin ɗari na iskar oksijin da jiki ke amfani da ita. Idan matsin kai ya hau, ƙananan jijiyoyin da ke kawo jini sukan saki, jinin ya ci gaba da isa. Shi ya sa mai cutar ke cikin hayyacinsa duk da tsananin ciwon kai.

Matsalar ta fi yawa a hanyar fita. Jiki na samar da ruwan kusan mililita 500 a kullum, kuma ba ya tsiyaya cikin manyan magudanan jinin kai sai matsinsa ya fi nasu. A yawancin masu cutar, magudanan biyu da ke gefen ƙeya sun tsuke. Jini ya taru, ruwa ya kasa fita, matsin ya ƙara danne magudanar, abin ya yi ta zagayawa. Nan ne tushen ƙarar da masu cutar kan ji a kunne tana bin bugun zuciya.

Jijiyar gani ce ke shan wahala, domin ruwan na bin kubenta har bayan ido. Kan jijiyar ya kumbura, gani ya fara raguwa daga gefe, sau da yawa mutum bai lura ba.

Maganin asetazolamayid na rage yawan ruwan da ake samarwa, rage ƙiba kuwa kan kwantar da cutar. Idan gani na taɓarɓarewa da sauri, ana sa bututun janye ruwa, ko a tsaga kuben jijiyar gani, ko a sa ragar ƙarfe a buɗa magudanar da ta tsuke.