Maza da mata a makarantun Maraɗi

Yaya makarantun Maraɗi ke ɗaukar jinsin ɗalibi, kuma me ke damun iyaye a kai, idan aka kwatanta da muhawarar da ake yi a Amurka? A makarantun gwamnati na Maraɗi, kamar sauran jihohin Nijar, takardar haihuwa ce ke nuna ko ɗalibi namiji ne ko mace, kuma abin da ke cikinta shi ake rubutawa a rajistar makaranta har zuwa jarrabawar ƙarshe. Maza da mata aji ɗaya suke shiga, malami ɗaya, darasi ɗaya. Dokar ilimi ta 1998 ta ba kowane yaro hakkin karatu ba tare da duba jinsinsa ba.

Rabuwar da ake gani, al'ada ce ke yin ta fiye da doka. Sau da yawa 'yan mata kan haɗu a gefe guda na aji, da hijabai a kan kayan makaranta, maza kuma a ɗaya gefen. A makarantun allo da Islamiyyu rabuwar ta fi tsanani. Makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Say a 1957, sun samu karɓuwa wajen iyayen da ke ɗari-ɗari da lakwal, wato makarantar boko, domin suna ganin 'yarsu za ta samu boko ba tare da ta rasa addini ba.

A shekaru shida na firamare iyaye ba su cika damuwa da cuɗanya ba. Hankali yana tashi ne idan yarinya ta kai kwaleji, lokacin da ya zo daidai da balagarta. Ƙauyuka da dama ba su da kwaleji, sai dai a kai yarinya gari a ajiye ta gidan wani ɗan uwa ko wanda aka sani, ta yi aikin gidan da safe kafin ta tafi aji. Uba yana tambayar wa zai sa mata ido. Uwa kuma tana lissafin tallar da ta tsaya, wadda da ita ake tara kayan ɗaki. Ga maganar makewayi: inda babu na mata daban, yarinyar da ta fara al'ada takan zauna gida kwanakin, kuma daga fashin kwanaki ake kaiwa ga bari. Binciken ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin shekara 18, jihar Maraɗi kuma tana cikin waɗanda abin ya fi yawa.

Gwamnati ta taɓa gwada doka. A 2012 ƙungiyoyin addinin Musulunci suka yi tsaye a kan wani daftarin kare 'yan mata 'yan makaranta, suna ganin zai ƙwace wa uba ikon aurar da 'yarsa, daftarin bai wuce majalisa ba. Sai a Disamba 2017 aka fitar da dokar shugaban ƙasa a kan batun. Daga baya tsohon shugaba Mohamed Bazoum ya bi ta wata hanyar, wato gina makarantun kwana na mata, ya fara da Kelle a jihar Damagaram. Wannan ya fi kusa da ainihin abin da ke damun iyaye. A matakin unguwa kuwa, ƙungiyar iyayen yara da ta iyaye mata su ke bin gida gida idan yarinya ta daina zuwa.

Muhawarar da ake yi a Amurka, kan ɗalibin da ya nemi a sauya masa suna ko a ɗauke shi a wani jinsi, daban take. Can jihar Fulorida ta yi doka a 2022 da ke ƙarfafa ikon iyaye, Kalifoniya kuma a 2024 ta hana a tilasta wa malamai sanar da iyaye. A Maraɗi, yaron da aka ga ɗabi'unsa sun karkata ga na mata yakan sha tsokanar abokai da sunan ɗan daudu, maganar kuma takan tsaya tsakanin malami da mahaifi, ba ta shiga takarda.